Mabuɗin Taskar a Hannun Wa Yake?

Mutumin da aka fara ɗorawa kan kujerar shugabancin cibiyar nazarin 'yan asalin ƙasar Ostireliya, lokacin da aka naɗa mata majalisar riƙon ƙwarya a 1961, shi ne Farfesa A. D. Trendall. Malami ne da duniya ta san da zamansa, kuma ba na shakkar kyakkyawar niyyarsa. Sai dai fannin da ya ƙware a kai shi ne tukwanen Girkawan da, tuluna da kwatarniyoyi masu zane waɗanda masu su suka kwanta dama fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Wannan zaɓi kaɗai ya isa ya nuna yadda aka ɗauki aikin tun daga tushe. Mutanen da za a yi nazari a kansu suna nan da ransu. Wasu na kiwon shanun Turawa a arewacin ƙasar kan lada ƙalilan, wasu na zaune a bayan gari cikin ɗakunan kwano, hukuma na raba su da 'ya'yansu da sunan tarbiyya. Duk da haka an dube su da idon da ake duban kaskon da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa.

Ɗan majalisar da ya kawo shawarar tun 1959, W. C. Wentworth, hujjarsa ita ce a yi maza a tattara harsuna da waƙoƙi da al'adun Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, kafin su ɓace. Da aka zartar da dokar kafa cibiyar a 1964, majalisar gudanarwarta mutum 22 ce, akasarinsu malaman jami'a, babu ɗan asalin ƙasa ko ɗaya a ciki. Sai a 1970 aka naɗa na farko, Phillip Roberts.

Yau ana kiran cibiyar AIATSIS a taƙaice, sunan da ya haɗa Aborijin da mutanen tsibiran Mashigin Tores. Gininta na Kanbera, babban birnin ƙasar, a bakin tafki, maƙwabcin gidan tarihi na ƙasa, kuma an buɗe shi a 2001. A cikinsa akwai kaya fiye da miliyan ɗaya: hotuna, finafinai, kaset na muryoyin tsofaffin da suka rasu tuntuni, littattafan da masu bincike suka rubuta a daji, jerin kalmomi na harsunan da wasunsu babu mai magana da su yanzu. Ƙasar da ta ƙunshi harsuna sama da 250 kafin zuwan Turawa, wani babban kaso na abin da ya rage a rubuce ko a naɗe yana cikin wannan gini guda.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da ake yawan tsallakewa idan ana yabon irin waɗannan cibiyoyi: wa ke mulkin gidan, kuma gaban wa yake zuwa ya ba da bahasi? Ra'ayina shi ne majalisar gudanarwar AIATSIS tana da iyayen gida biyu. Ɗaya ita ce gwamnatin da ke ba ta kuɗi, ɗaya kuma al'ummomin da kayan da ke cikin taskar nasu ne. An tsara wa na farko hanyar tambaya tsaf, da ranaku da takardu da hukunci. Na biyu kuwa an bar shi ga kirkin waɗanda suka samu kansu a kan kujera. Mutanen kirki sun zauna a kujerar, ba musu, amma amanar da ta kai wannan girma ba a jingina ta da halin mutum.

Kafin na kai can, ya kamata a ba tarihi haƙƙinsa, domin canjin da aka samu ba kyauta aka miƙa shi ba. A 1974 wasu mutum shida suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa da aka fi sani da wasiƙar Mikiya da Hankaka. Cikinsu har da Bob Bellear, wanda daga baya ya zama Ba'aborijine na farko da ya hau kujerar alƙali a ƙasar. Sun tuhumi cibiyar da cewa malamai na gina sunansu da rayuwar mutane, alhali abubuwan da suka dame mutanen, irin su ƙasar kakanni da aka ƙwace, ba sa cikin lissafi. Wasiƙar ta yi zafi, kuma ta yi aiki. Shugaban ma'aikatan cibiyar na lokacin, Peter Ucko, ya tura a shigo da 'yan asalin ƙasa cikin kwamitoci da ayyuka. A 1981 Eric Willmot ya zama ɗan asali na farko da ya riƙe ragamar ma'aikatan, a 1984 Ken Colbung ya zama shugaban majalisar gudanarwa. Sannan aka yi sabuwar doka a 1989 wadda ta rage majalisar zuwa mutum tara, ta kuma tabbatar da cewa 'yan asalin ƙasa ne ke da rinjaye. Marcia Langton ta shugabanci majalisar daga 1992, bayanta Mick Dodson ya daɗe a kan kujerar. Cikin shekara 25 an tashi daga babu ko ɗaya zuwa rinjaye. Duk wanda ya ce wannan ba komai ba ne bai san wahalar ƙwato kujera daga hannun wanda ya saba da ita ba.

To amma mu dubi yadda mutum taran ke zuwa. Huɗu mambobin cibiyar ne ke zaɓensu, biyar minista ke naɗawa. Mambobin nan ɗaiɗaikun mutane ne, masana da masu bincike da masu ruwa da tsaki a fannin, da yawansu 'yan asalin ƙasa, kuma kowa da kansa yake jefa ƙuri'a. Dattawan Walpiri a tsakiyar hamada, ko na Yolnu a can arewa, ba su da wata ƙuri'a a matsayinsu na al'umma mai kaya a taskar. Ministan kuwa ɗan siyasa ne, jam'iyya ce ta kawo shi, kuma 'yan asalin ƙasa ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'ar Ostireliya ba, don haka ba ƙuri'arsu ce ke ɗaga gwamnati ko kayar da ita ba. Mutum na iya zama Ba'aborijine na gaba da baya, mai kishin mutanensa, amma takardar naɗinsa daga ofishin minista ta fito, can kuma za a waiwaya idan wa'adi ya cika.

A wajen gwamnati, hanyar ba da bahasi a shimfiɗe take. Dokar 2013 da ta tsara yadda hukumomin tarayya ke tafiyar da dukiyar jama'a ta ɗora wa majalisar alhakin komai. Kowace shekara sai an fitar da tsarin aiki na shekara huɗu masu zuwa. Sai an rubuta rahoton shekara a miƙa wa minista, shi kuma ya ajiye a gaban majalisar dokoki. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa na duba littattafan kuɗi. Dole a samu kwamitin bincike na cikin gida. Sanatoci na iya kiran shugaban ma'aikata su yi masa tambayoyi a bainar jama'a lokacin duba kasafi. Kowane mamba wajibi ne ya bayyana idan yana da wata moriya a cikin abin da ake tattaunawa.

A nan zan raba gari da wasu abokaina masu ganin duk wannan takarda ce kawai ta Bature, wadda aka ƙaƙaba wa mutane don a ɗaure musu hannu. Ni ina goyon bayan takardun nan, har da masu gundurar. Dalilina shi ne abin da ya faru da ATSIC, hukumar da aka kafa a 1990 don 'yan asalin ƙasa su zaɓi wakilansu da kansu, su kuma sa hannu a kuɗin ayyukansu. Tana da majalisu na yankuna waɗanda jama'a suka zaɓa, abin da AIATSIS ba ta taɓa samu ba. Amma zarge-zarge suka dabaibaye shugabanninta na ƙoli, jaridu suka yi ta yayatawa, gwamnatin John Howard ta samu abin da take nema, jam'iyyar adawa ma ta juya baya, aka rushe ta a 2005. Ayyukan alheri da majalisun yankuna suka yi duk suka bi ruwa tare da ita. Dokar ATSIC da ta AIATSIS shekara ɗaya aka yi su, 1989. Ɗaya ta mutu, ɗaya na nan. Ba zan ce tsabtar littafin kuɗi ce kaɗai ta raba su ba, domin ATSIC ta taɓa siyasa kai tsaye, ta kuma tara maƙiya. Sai dai hukumar 'yan tsiraru ba ta da gatan yin kuskuren da za a yafe wa wata. Kuskure ɗaya na sayen kaya ba bisa ƙa'ida ba, ko mamba ɗaya da ya zauna aka ba ƙungiyar ɗan'uwansa kwangila bai fita daga ɗakin ba, ya isa a ce ai dama ba za su iya ba. A cikin al'ummar da kowa ɗan'uwan kowa ne, rubuta moriya a fili da ficewa daga zama lokacin yanke shawara kariya ce ga mamban kansa. Ita ce amsar da zai ba kawunsa idan ya zo neman alfarma.

Saboda haka ba ina kiran a sassauta binciken kuɗi ba ne. Ina cewa rabin lissafi ne.

Ɗaya rabin yana cikin wani sashe na dokar 1989, sashe na 41, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar duka. Sashen ya faɗi abu biyu. Na farko, idan wani ya kawo ajiya ya gindaya sharaɗin taƙaita masu gani, cibiyar ba za ta bayyana abin ba sai bisa sharaɗin. Na biyu, cibiyar ba za ta bayyana abin da take riƙe da shi ba idan yin haka ya saɓa wa ra'ayi ko abin da 'yan asalin ƙasar da abin ya shafa ke jin nauyinsa. Na biyun abin a yaba ne, domin ba kowace taska ta gwamnati a duniya ke da irin wannan a cikin dokarta ba. Akwai ilimin da na maza ne kaɗai, akwai na mata kaɗai, akwai waƙar da ba a jin ta sai wanda aka shigar cikin sirrin, akwai al'ummomin da ba sa ambaton sunan mamaci ko kallon hotonsa sai bayan wani lokaci. Doka ta amince da wannan duka.

Amma a lura da wanda ya kawo ajiyar. Sau da yawa ba tsohon da ya rera waƙar ba ne. Baƙon da ya zo da rikoda ne. A zamanin da aka naɗi yawancin kaset ɗin, haƙƙin mallaka na wanda ya naɗa ne, littafin da aka rubuta a daji kuma na wanda ya riƙe alƙalami ne. Shi ya cike takardar ajiya, shi ya rubuta wanda za a nemi izininsa. In ya mutu, maganar ta koma hannun magadansa, waɗanda watakila ba su taɓa taka garin da aka yi naɗin ba. Sai ga jikar mai waƙar tana son kwafin muryar kakanta, a ce mata sai an tuntuɓi iyalan wani farfesa. Kuma a lura da wani abu: duka sassan biyu suna magana ne kan lokacin da za a rufe ƙofa. Ikon hana baƙo gani daban, ikon karɓar abinka daban.

Wannan ba labarin nesa ba ne a wurina. Na taɓa zama sakataren wani ƙaramin kwamiti da ke kula da ɗakin ajiyar tsofaffin rubuce-rubucen hannu, na Larabci da na ajami, waɗanda aka karɓo daga gidajen malamai shekaru da dama kafin zuwana. Wata rana wani dattijo ya zo da wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa, naɗe cikin leda. Rasit ne da aka ba mahaifinsa ranar da aka karɓi littattafai uku a ce za a ɗauki hotonsu a mayar. Na yi masa bayanin ƙa'ida: sai ya rubuto takarda, kwamiti ya zauna, a duba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ni ban zo roƙo ba. Aro kuka yi." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, amma ba ni da ikon buɗe durowar." Kwamitinmu na da littafin kuɗi mai tsabta, ba a taɓa samunmu da ɓatan ko kwabo ba. Amma a cikin duk rahotannin da na rubuta babu layi ɗaya da ke tambayar magada nawa suka zo, nawa suka koma hannu rabbana. Wanda ke karanta rahoton bai taɓa tambaya ba, mu ma ba mu taɓa ƙirgawa ba. Har yau maganar dattijon nan tana ci mini rai, ita ce kuma ta sa nake bin labarin cibiyar Kanbera.

A yi adalci, ma'aikatan AIATSIS sun yi nisa fiye da inda muka tsaya. Suna da tsarin mayar wa 'yan asalin ƙasa kwafin kayan da suka shafi danginsu da harshensu. Suna da sashen tarihin iyali wanda ke taimaka wa waɗanda aka raba da iyayensu tun suna yara, mutanen da Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafararsu a majalisa ranar 13 ga Fabrairu 2008, su gano asalinsu. Sun yi aiki da mutanen Nunawal, masu ƙasar da aka gina Kanbera a kai, wajen farfaɗo da harshensu daga tsofaffin rubuce-rubuce, har Firaminista Malcolm Turnbull ya buɗe jawabi da harshen a zauren majalisa a 2016. Maɗaba'arsu ta fitar da babban ƙamus na harshen Walpiri a 2022. A 2020 sun fitar da ƙa'idojin ɗa'ar bincike waɗanda jami'o'in ƙasar ke aiki da su, kuma ginshiƙan farko a ciki su ne 'yancin mutane su yanke wa kansu shawara da kuma jagorancin 'yan asalin ƙasa a binciken da ya shafe su. Ga shi nan, da hannunsu suka rubuta. Abin da nake nema shi ne ma'aunin da cibiyar ta miƙa wa masu bincike a ɗora shi kan majalisarta ita ma.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya san karin maganar nan ta cin ladan kuturu. Kusan duk abin da cibiyar ke kashewa daga baitulmalin tarayya yake fitowa, shekara bayan shekara. A 2012 ƙarancin kuɗi ya sa ta dakatar da tallafin binciken da ta shafe shekaru tana bayarwa. Kaset da fim ba sa jiran kasafi. Tef na lalacewa, fim na tsami har ya riƙa warin ruwan tsami, injinan da ke kunna su ma sun daina samuwa a kasuwa. Idan kuɗin kwafe su zuwa kwamfuta bai isa duka ba, dole wani ya zaɓi wanda za a fara ceta, kuma zaɓin nan hukunci ne kan muryar wace al'umma za ta rayu. Ban san wani hukunci da ya fi wannan nauyi a gidan ba, ban kuma yarda a bar shi a matsayin aikin injiniyoyin sauti kawai ba.

Labarin wani shirin gini mai suna Ngurra ya ƙara fito da inda ikon yake. A Janairun 2022 gwamnatin Scott Morrison ta sanar da dala miliyan 316.5 na Ostireliya don gina wata babbar cibiyar al'adu da za ta zama sabon gidan AIATSIS, tare da makwancin ƙasa na ƙasusuwan kakannin da aka dawo da su daga gidajen tarihi amma ba a gano garinsu ba. Wurin da aka ware yana tsakiyar unguwar hukuma, a layin da ya miƙe daga majalisar dokoki. Gwamnati ta canza a watan Mayun shekarar. A 2024 sabuwar gwamnati ta ce a'a, a yi aikin a inda cibiyar take yanzu. Akwai masu ganin sabon wurin ya fi dacewa, kuma ba zan yanke hukunci daga nan inda nake zaune ba. Abin da ya tsaya mini shi ne maganar inda za a kwantar da kakannin mutane ta zama abin da ke sauyawa da sauyin gwamnati. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 14 ga Oktoba 2023, inda kusan kashi 60 cikin 100 suka ƙi amincewa a kafa wa 'yan asalin ƙasa majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki, kowane shugaban irin wannan hukuma ya san iskar da ke kaɗawa, ya kuma san cewa ɗaga murya na da farashi.

Akwai wurin da cibiyar ta nuna cewa ta san hanya, wato shirin dawo da kayan gado daga ƙasashen waje. A 2019 wani gidan tarihi na jihar Ilinoi ta Amurka ya mayar da kaya 42 ga mutanen Aranda da Bardi Jawi, gidan tarihi na Manchesta a Ingila kuma ya amince ya mayar da 43 ga al'ummomi huɗu. A 2023 Manchesta ta sake miƙa kaya 174 ga mutanen Anindilyakwa. A Afrilun 2024 kwalejin Trinity ta Kembirij ta mayar da mashi huɗu, ragowar waɗanda matuƙin jirgin ruwan Birtaniya James Cook da mutanensa suka kwasa a 1770 ranar da suka sauka a gaɓar mutanen Gwigal. A wannan shiri cibiyar 'yar rakiya ce. Dattawa ne ke duba kayan, su ce wannan namu ne, su faɗi wanda ya halatta ya taɓa shi da inda za a ajiye shi, kuma hannunsu kayan ke komawa. Mu a Najeriya mun ga yadda wannan tambaya ke da wuya lokacin da aka fara dawo da kayan tagulla na Benin, aka yi ta jayayya ko na gwamnati ne ko na fada, har Shugaba Buhari ya fitar da sanarwa a 2023 cewa na Oba ne. Mutanen Kanbera sun amsa tambayar tun daga farko, sun ce na masu shi ne. To idan haka ake gaya wa Manchesta da Kembirij, da wane baki za a ce abin da ke cikin ɗakin sanyi na Kanbera hukuncinsa daban ne?

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Wace ce al'ummar? Ɗaruruwan ƙabilu ne, kujeru tara. A gari ɗaya ma dangi biyu na iya jayayya kan wanda ke da ikon magana a kan waƙa guda, kuma shari'o'in mallakar ƙasa da suka biyo bayan hukuncin Mabo na 1992, wanda ya amince da haƙƙin 'yan asali kan ƙasar kakanninsu, sun ƙara wa takardun taskar daraja da haɗari, domin layi ɗaya a littafin wani mai bincike na iya ɗaga wani dangi ya kayar da wani a kotu. Idan aka mayar da majalisar filin wakilcin yankuna, za a iya wayi gari da majalisar da ta cika da siyasa, babu wanda ya iya karanta takardar kuɗi ko ya san yadda ake adana fim. Wannan tsoro na gaskiya ne. Shi ya sa ban ce a rushe majalisar mutum tara a kafa ta mutum ɗari uku ba. Majalisa na buƙatar akanta da lauya da masanin adana kaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma gyaran rufin sai da magini.

Abin da nake ganin ya kamata bai kai rushe gida ba. A rage hannun minista a naɗi, ta yadda sunayen za su fito daga wani kwamitin tantancewa na 'yan asalin ƙasa, shi kuma ya zaɓa daga ciki ko ya faɗi dalilin ƙi a rubuce. Gwamnatocin ƙasar duka sun riga sun sa hannu a yarjejeniyar 2020 da gamayyar ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasa, inda suka yi alkawarin yanke shawara tare da kuma gyara yadda hukumomin gwamnati ke aiki, kuma hukumar da ta duba alkawarin a 2024 ta ce akasari ba a cika shi ba. Ga wuri mai sauƙi da za a fara cikawa. Haka kuma kuɗin adana taskar a ware shi na tsawon shekaru, kada ya zama abin roƙo kowace shekara. Ofishin da cibiyar ta buɗe a Alis Sifirin a 2024, a tsakiyar ƙasar, mataki ne mai kyau, domin tsohuwar da ke hamada ba za ta hau jirgi zuwa Kanbera don jin muryar mahaifiyarta ba. Amma ina so a ce dattawan yankin suna da ikon yanke hukunci kan kayan yankinsu a can, hukuncin da majalisar ba za ta ture shi ba sai da hujja a fili.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne tsofaffin sharuɗɗan ajiya. Majalisar dokoki ce ta rubuta sashe na 41, ita ce kuma ke iya ƙara masa layi: cewa sharaɗin da baƙo ya gindaya ba zai hana zuriyar mai magana samun maganar kakansu ba, sai in al'ummar da kanta ce ta ce a rufe. Magadan masu bincike da yawa za su yarda da hannu biyu idan aka tambaye su. Waɗanda ba a iya samu kuma, bai kamata shirunsu ya zama kwaɗo a ƙofa har abada ba.

Sannan a riƙa yin lissafi na biyu, a kai shi inda masu kayan suke, da bakin shugaban majalisar, a zauna a ƙasa in a ƙasa ake zama. A faɗi mutum nawa daga wannan yanki suka nemi kayan danginsu a bana, nawa suka samu, kwana nawa suka jira, nawa aka hana kuma sharaɗin wa ya hana su. A faɗi kaset nawa na harshensu aka ceta, nawa ke kan layi, wa ya tsara layin. A rubuta tambayoyin da dattawa suka yi da amsar da aka ba su, a haɗa da rahoton da ake kai wa majalisar dokoki, shafi kusa da shafin kuɗi, domin sanatan da ke tambayar kuɗin mota ya ga cewa wata mata ta shekara tana jiran kaset ɗaya.